Ranar da Mai Guɗa Ta Yi Shiru

Unguwar Mafoni,
Maiduguri.

Zuwa ga ƙanena Abdulnasir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya lau, kai da amaryarmu Rahmat, wadda har yanzu amarya nake ce mata ko da 'yarta ta fara zuwa makaranta, da ita 'yar tawa Aisha Humaira. Wushe, sannu da aiki, wushe da haƙuri da ruwan Fatakwal da na ji an ce bai san rani ba. Allah Ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, Ya kare ka daga sharrin hanya da na mutum, Ya sa albarka a abin da kake nema. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, mu kuma Ya sa mu cika da imani.

Mu nan gida sai godiya. Mahaifiyarmu Ya Kaltum da sauƙi ta wajen ƙafa, kumburin ya sace, amma ido kam kamar yadda ka sani ya tafi gaba ɗaya, ko hasken ƙofa ba ta rarrabewa yanzu. Sai dai abin da ido ya rasa kunne ya kwashe, har da ƙari. Maigidana Malam Garzali yana nan yana fama da garejinsa, kullum ya dawo da baƙin mai har a gemu. Ɗanka Sa'id na wajena ya koma jami'a, ya yi tsawo ya wuce ubansa, ba abin da ya iya sai cin birabisko da latsa waya. Inna Sa'adiya ta Jiddari Polo gwiwa ce ke damunta, amma bakin nan nata lafiyarsa ƙalau. Maƙwabciyarmu Ladi ta yi jika namiji, mun sha suna. Dogon yaron tsakar gida kuwa ya yi reshe har ya leƙa gidanta, ta ce kada a sare don ita ma inuwar take sha.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga waya, ka ce Siddiƙa ta koma zamanin da. To ba ƙauyanci ba ne. A gidan nan ba a yin maganar sirri a waya, ko bayan ɗaki ka zagaya ka rage murya, in ka dawo Ya Kaltum za ta tambaye ka me ya sa ka ce kaza. Kuma maganar da ke bakina irin wadda in na fara ta da murya kuka zai ƙwace ta ne, kai kuma na san halinka, da ka ji an fara sheshsheƙa sai ka ce ana kiranka a wurin aiki. Shi ya sa da na ji Mahfuz ɗan Inna Sa'adiya zai bi motar kifi zuwa wajenku, na zauna na rubuta. In ta iso maka tana warin banda ka yi haƙuri, a cikin kaya ta kwana. Maganar motar Baba ce, Mai Guɗa.

Ban san yadda kake tunawa da ita ba, ni dai in na rufe ido ina ganinta yadda take muna yara: Fijo 404 a-kori-kura, farar da rana ta mayar ruwan ƙasa, da koren tampol a baya, da ƙofar direba da sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Baba ya tafi Baga ya yi kwanaki a bakin tafki, ya ciko ta da kwalayen banda har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, ya sauke a kasuwar kifi ta Baga Road, sannan ya nufo gida wajen la'asar sakaliya. Tun daga kan kwalta ake jin ta. Ƙara ce siririya daga ƙarƙashin bodi, ta wajen ƙafafun baya, tana farawa ƙasa-ƙasa, in ya ɗaga ƙafa daga totur zai karya kwanar masallaci sai ta yi sama tana kaɗawa, sak guɗar kai amarya. Yaran Mafoni suka sa mata Mai Guɗa, sunan ya bi ta har kasuwa, har aka daina cewa motar Ba Ajimi. Sau ɗaya ya taɓa ɗaukar mu a bayanta ya kai mu muka ga tafki, muna zaune a kan tabarma ƙarƙashin tampol, ƙarar na tahowa ta ƙasan ƙafafunmu tana yi mana cakulkuli. Ni na yi ta dariya har Baga, kai ka toshe kunne da yatsu har barci ya ɗauke ka a cinyata.

Ka tuna abin da ke biyo bayan wannan ƙarar a gida? Ko tuƙin tuwo Ya Kaltum take yi, sai ta sakar mini muciya. Ta ɗebi garwashi a kasko, ta buɗe kwalbar turaren wutan nan da take haɗawa da hannunta, wanda ko Inna Sa'adiya ba ta taɓa gaya wa abin da ke ciki ba, ta barbaɗa, ta faɗa ɗaki ta yafa lafaya mai kyau, ta shimfiɗa darduma a gindin dogon yaro, ta ɗebo ruwan randa a kwanon sha. Kafin Baba ya gama lallaɓa motar a lungunmu mai ramuka, ya kashe ta, ya ɗaga ƙofa ya rufe, gida ya riga ya turnuƙe da ƙanshi. Ya yi sallamar nan tasa mai jan ƙarshe, ta ce masa lale, shi yana warin kifi ita tana ƙanshin turare, mu kuma idonmu na kan aljihunsa. Ban taɓa ganin ya shigo gidan nan ya tarar da kasko a sanyaye ba.

Kai ne dai ba ka taɓa shiri da motar ba. Kai ne mai roƙon a sauke ka nesa da ƙofar makaranta don kada abokanka su yi maka guɗa, kuma duk da haka sai sun yi. Mu duka mun yi wa Baba shaidar rowa a bayan idonsa, muna cewa mutum yana da kwalayen kifi kamar ya yi gini da su amma ya kasa gyara ƙarfe ɗaya. Makanikai sun sha gaya masa bakasil ne, wato dogon ƙarfen nan da ke riƙe da ƙafafun baya yana juya su, haƙoran cikinsa ne suka ci juna. Ya ce ya ji. Abin da kawai muka sani, duk jajibirin tafiya zai shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashinta, ya ɗura mata mai mai kauri da mazurari, ya fito yana goge hannu, a hanya kuma ba ya gudu ko da kowa zai wuce shi. Da ka samu aiki ka zo da zumuɗinka ka ce za ka canza masa bakasil ɗin, ko ma motar ɗungurungum, ya ce Allah Ya yi albarka amma a bar ta. Na tuna abin da ka faɗa a zaure ranar, cewa ya fi son tarkacen ƙarfe a kan mutuncin 'ya'yansa. Shi kuwa ya ci gaba da jan carbinsa. Na san kun shirya daga baya, amma na kuma san tun da aka yi addu'ar arba'in ɗinsa ba ka sake taka Maiduguri ba, kuma ban yarda aiki ne kaɗai ba.

Shekarun da hanyar Baga ta rufu saboda tashin hankali, motar ta koma zirga-zirgar cikin gari, amma guɗa ba ta fasa ba, kasko ma bai huce ba. Da Baba ya rasu muka dawo Mafoni da zama don mu kula da Ya Kaltum, Malam Garzali ya kai motar garejinsa ya ajiye. Ya ɗaukar wa kansa duk Juma'a in an sauko daga masallaci ya tuƙo ta ya zo ya kai mu Jiddari Polo wajen Inna Sa'adiya, su sha hira zuwa yamma. Wannan ka sani, amma ga abin da ba a gani ta waya. Sauran kwanakin mako Ya Kaltum a kwance take yin su, abinci sai da lallashi, magana sai an tambaye ta. Amma ranar Juma'a tun hantsi za ta nemi ruwan wanka, ta ce a ɗauko mata lafaya kaza, ta ci abinci har ta nemi ƙari, ta zauna a gindin dogon yaro da kasko da kwalbar turare a gabanta, ta karkata kai. Can sai ka ji ta ɗaga murya ta ce in kawo wuta. Ni ko ɗuriyar motar ban ji ba tukuna, sai na kawo garwashin na juya sannan guɗar za ta iso kunnena. Ranar nan guda ita ke riƙe mata da sauran kwanakin, na daɗe da lura da haka.

Ka san abin da ya faru bayan ambaliya. Ruwa ya shanye garejin, motar ta kwana a ciki har rabin ƙofa. Malam Garzali ya wanke inji, ya canza mai, ta tashi, muka yi ta hamdala. Ashe ruwa da laka sun riga sun shiga bakasil ɗin, guɗar ta dishe, ta koma haɗe da gurnani. Ranar da na kira ka hankalina a tashe, muna dawowa ne daga gidan Inna, daidai filin Polo sai bayan motar ya yi wata girgiza, ƙafa ɗaya ta cije, hayaƙi ya taso da ƙauri. Allah Ya sa a hankali yake tafiya. A keke napep muka ƙarasa da Ya Kaltum gida. Kai ka ce kada a sake saka ta a motar nan sai an canza ƙarfen gaba ɗaya, a sa wanda ya fi shi ƙarfi. Na ce gaskiyarka, Malam Garzali ya ce gaskiyarka. Har gobe kuma gaskiyarka ce, kada ka ɗauka laifi na zo ɗora maka.

Bawan Allahn nan ya sha yawo wajen masu sayar da tsoffin ƙarafan mota. Irin nata na asali duk wanda ya samu ya fi namu mutuwa. Daga ƙarshe ya ci karo da wata 504 a-kori-kura da gabanta ya rugurguje a hatsari amma bayanta ko ƙwarzane babu. Ya ce wannan ya fi kauri, ya fi ɗaukar kaya, in an dasa shi sai ya ga jikokin Sa'id. Matsalar ita ce ba don ita aka ƙera shi ba, ya ɗan fi ta faɗi, kuma wurin da sifirin ke zama a kansa bai zo daidai ba. Na kai musu abinci wata rana na gan ta, an ɗage bayanta a kan gungumen itace, ba taya ba komai, kamar ragon layya da aka rataye. Sai da na juya baya na share ido kada a yi mini dariya. Pindar mai walda, abokin Malam Garzali tun suna koyon aiki, shi ya yanke mazaunin sifirin ɗin ya matso da shi, suna gwadawa da zare suna musu, wannan ya ce ya karkata, wancan ya ce idonka ne ya karkata. Farfela, wato sandar ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa ƙafafun baya, ta yi tsawo aka rage ta, aka ja sabbin bututun birki, aka zuba sabon mai.

Da suka buɗe tsohon kuwa, Malam Garzali ya kira ni in gani. Man ciki ya koma kunu, haƙoran sun zaizaye sun yi sumul. Ya ce a iya saninsa wannan tun muna yara ya kamata ya watse, ba abin da ya riƙe shi sai lallaɓawar mai shi. Ni ban ɗauki maganar da wata ma'ana ba, na ce ai Baba da ma ko tsohon takalmi ba ya yarwa. Ranar da aka gama suka loda mata buhunan yashi suka fita gwaji, suka dawo baki har kunne. Ƙafafun bayan sun ɗan leƙo waje, ta yi wata tsayuwa ta ƙasaita, kuma ya ce a cikinta yanzu ko carbi ka ja za a ji ƙararsa. Da wannan maganar ya yi mini albishir, da ita na yi maka albishir tun daga can garejin, kai ma ka ce to madalla, an rabu da abin kunya. Mu uku, manya da hankalinmu, ba wanda ya tsaya ya tuna akwai mai jiran wannan ƙarar.

Duk makonnin da motar ke gareji Ya Kaltum ta yi haƙuri, an ce mata ana gyara. Da na gaya mata Juma'ar nan za ta zo, tun da sassafe ta fara kirana. Ta yi wanka, ta zaɓi lafayar nan mai ruwan goro da Baba ya sayo mata, ta zauna a wurinta. Ni ina kicin na tara garwashi ina jira. Ka gane, ni ban taɓa sauraron motar ba, ita nake sauraro. Aka sauko daga masallaci, lungu ya cika da takun mutane, ya sake yin tsit. Ba ta kira ba. Kawai sai muka ji sallamar Malam Garzali a zaure, ga shi ya shigo yana kaɗa makulli. Na leƙo na ga fuskarta. Abdulnasir, ban ga irin wannan a fuskar nan ba ko ranar da aka fita da Baba, kamar wadda aka faɗo mata ɗaki ba ɗankwali. Hannunta na kan murfin kwalba, kasko a gabanta ba wuta. Ta amsa sallama, ta tambaye shi ko a keke ya zo. Ya ce a'a, ga mota can a ƙofar gida. Ta ce ido ne ya mutu mata ba kunne ba, kada a mayar da ita yarinya, in an sayar da motar ubanmu an kawo wata to a fito fili a gaya mata.

Muka riƙe ta muka fito da ita. Ta bi motar da tafin hannu tun daga gaba, ta sami lotsawar nan ta gefe inda sa ya tunkuye ta a kasuwa, ta ɗaga ƙofar direba ta ji ta faɗa yadda ta saba, ta shafa ramin da zaman Baba ya yi a kujera, ta sa kai ciki ta shaƙi warin bandar da ko ambaliya ba ta wanke ba. Ta ce ita ce. Sannan ta ce ya je kan kwalta ya dawo. Ya ja mota ya tafi, muka tsaya a rana, ta karkata kai, maƙwabta suna leƙe. Ya karyo kwanar masallaci ya taho ya tsaya a gabanmu, ba abin da aka ji sai ɗan gunjin inji irin na kowace mota. Daga nan ta ce a mayar da ita ciki, a gaya wa Sa'adiya yau ba ta jin daɗi.

Tun daga ranar ta koma kwanciya. Juma'ar da ta zagayo ba ta nemi ruwan wanka da hantsi ba, lafayar da na ajiye mata ta ce in mayar akwati. Inna Sa'adiya ta zo da kanta da gwiwarta, ta yi faɗa, ta yi ba'a, ta dafa mata miyar da take so, loma kaɗan ta yi ta janye hannu. Malam Garzali kuwa ya fi kowa shiga damuwa, ya ce shi da hannunsa ya yi wannan ɓarna yana murna. Wata safiya ya ja ni bayan kicin yana raɗa, ya ce tsohon ba ya mayuwa, amma ya san yadda zai buɗe sabon ya sassauta cikinsa har ya riƙa kuka. Ba zai zama sak ba amma zai yi kama, kuma a sannu zai cinye kansa kamar wancan. Mutumin da ya yi makonni yana zubar da gumi a kan ƙarfen nan, shi ne ke shirin ɓata shi da gangan. Na ce ya yi, ni ba mota ce a gabana ba. Ba mu rufe baki ba muka ji ta daga ɗaki tana cewa mu zo nan mu biyu.

Ta sa muka zauna, ta ce tunda mun kai ga haka gara ta faɗa mana abin da Baba ya tafi bai faɗa ba. Ta ce motar ba da guɗa aka saye ta ba, shiru take kamar yanzu. Daminar da take da tsohon cikinka, Baba yana Baga ya riga ya yi lodi, sai wani direba ɗan unguwarmu ya iso ya gaya masa ya baro ta tana naƙuda, kuma abin ya zo da gardama. Bai tsaya rage kaya ba, ya kamo hanya da gudun da bai taɓa yi ba, cikin taɓo da ramuka, yana kafewa yana fizgewa. Ya iso ya tarar an haife ka, ita kuma da ƙyar ta sha. A wannan tafiyar ƙarfen ya ji ciwo, daga ranar ya fara kuka. Wato kai da guɗar nan da ka tsana rana ɗaya kuka zo duniya.

Ta ce ya yi niyyar gyarawa bayan suna. Amma tana cikin jego ya koma Baga, lokacin ba waya ba saƙo, hanya ga 'yan fashi ga hatsari, in ya fita ba ta da labarinsa sai ta gan shi. Ranar da ya kamata ya dawo tana zaune, kana jariri a cinyarta, gabanta na faɗuwa, sai ta jiyo ƙarar tun daga kwalta, ta san yana raye tun bai iso ba. Ta ce ɗan lokacin nan tsakanin kwalta da ƙofar gida, da ta san shi ne amma bai shigo ba tukuna, ba ta da abin da ya fi shi daɗi a duk makon. Sai ta roƙe shi ya bar motar haka. Ya ce ƙarfen zai karye wata rana, ta ce to ya riƙa lallaɓa shi. Daga nan kwanciya a kan buhu da ɗurin mai da tafiyar hawainiya suka samo asali. Na tambaye ta me ya hana shi faɗa mana, ko ranar da ka yi masa maganar nan a zaure. Ta yi dariya, ta farko tun waccan Juma'ar, ta ce wane dattijo ne zai dubi ɗansa ya ce ya bar mota tana kuka ne don matarsa na so? Ya ce mata gara a kira shi marowaci. Ta ce kuma ranar da ka faɗi maganar, da ya shigo ɗaki ko ɓacin rai babu a fuskarsa, cewa ya yi yaron nan ya girma, har ya fara jin kunya a madadin gidansu, Allah Ya yi masa albarka.

Sannan ta juya wajen Malam Garzali ta ce kada ya kuskura ya taɓa aikinsa, ba ta son kukan ƙarya, kuma ta gode masa. Ta ce makanta ta yi ba hauka ba, duk Juma'ar duniya ta san wanda ke tuƙin motar, ta san wanda zai yi sallama. Ɗan tsakanin nan kawai take ara ta zauna a ciki, kafin sallamar ta dawo da ita. Yanzu Allah Ya nuna mata ƙarshensa, ta karɓa. Ta roƙa kada a ba 'yan gwangwan tsohon ƙarfen, a kawo mata shi gida. An kawo, yana nan a gindin dogon yaro, kaji sun mayar da shi wurin hutawa, wani lokaci in ta fito alwala takan dafa shi. Kwalbar turaren kuwa ta miƙo mini ta ce in ɗaure bakinta da tsumma in saka a ƙasan akwati. Saura kaɗan ne a ciki, haɗin ƙarshe da ta yi kafin ido ya tafi, kuma ba za ta iya wani ba. Na ce to sai yaushe za a buɗe. Ta ce muryar da ta saura a duniya mai kama da tasa ɗaya ce, ko a waya in ka yi sallama ka ja ƙarshenta sai tsikar jikinta ta tashi, amma waya ba ta shigowa ta zaure. Nan take kuma ta ce kada in matsa maka, kana da aiki da iyali. Ban dai yi mata alkawari ba.

To ga shi na faɗa maka. Ni yayarka ce, na goya ka, ina da ikon cewa ka zo, kuma na ce ka zo. Ba magani take buƙata ba, ba sutura ba, akwati cike yake da abin da ka aiko. Tana raguwa a idona, Abdulnasir, zoben hannunta har ya fara zamewa, kuma wallahi tsoro nake ji. In abin da ke hana ka shigowa zauren nan maganar da ka faɗa a cikinsa ce, to ka ji yadda mai zauren ya ɗauke ta. Kada ka ce sai Sallah. Malam Garzali ya ce in ka tsaya jan ƙafa, Mai Guɗa yanzu ƙarfinta ya kai ta zo har Fatakwal ta ɗauko ka a baya ƙarƙashin tampol, kuma ba za ka ji zuwanta ba balle ka ɓuya.

Ka gaishe mini da Rahmat da kyau, ka ce ta taya ni wannan yaƙin, na san maganarta ta fi tawa shiga kunnenka. Ka shafa mini kan Aisha Humaira, kuma ka taho da ita kakarta ta ji fuskarta da hannu. Malam Garzali na gaishe ka, Sa'id na gaishe ka, Inna Sa'adiya ta ce gaisuwarta sai ta gan ka ido da ido don akwai bashin faɗa. Ladi da Pindar ma suna miƙo tasu. Ya Kaltum kuwa ban gaya mata ina rubuta maka ba. Ɗazu ta tambaye ni me nake ta rubutawa tun azahar, na ce takardun ɗalibaina nake dubawa. Ta ce takardun ɗalibai ba sa sa mutum jan hanci, in na gama in gaishe ka.

In Allah Ya kawo ka, Malam Garzali zai tare ka a tasha da motar, amma kada ka bari ya kawo ka har ƙofar gida. Ka sauka a kwanar masallaci ka taho da ƙafa, a hankali, ka fara sallama da ƙarfi tun daga bakin lungu, kada ka ji kunyar maƙwabta. Ni zan riga na ciro kwalbar na ajiye a gabanta, garwashi kuma yana wurina. Kai dai ka ba ta lokacin da za ta ce in kawo wuta.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Yayarka mai zuba ido a hanya,
Siddiƙa Ajimi